Ɗiyata na son koyon biyolonsel: daga ina ake farawa, ina kuma hanyar ke ɓullewa?

Baban Ɗiya: Assalamu alaikum ƴan zaure. Ɗiyata shekararta tara, ta ɗora rai a kan babban gogen nan na Turawa da ake kaɗawa a zaune, an kafa shi tsakanin gwiwoyi, wanda ake kira biyolonsel, mutanen Najeriya kuma su ce celo. Waɗanda suka san abin su faɗa mini gaskiya: shekara nawa ake yi ana koyo kafin a ci abinci da shi, me ake saye da farko, kuma daga nan Maradi akwai hanya ko babu?

Malamin Solfej: Wa alaikumus salam Alhaji. A shekara tara ba ta makara ba, amma babu sauran lokacin ɓatawa. Yawancin ƙwararrun tsakanin shekara 5 da 10 suka fara. Shahararren makaɗin biyolonsel Yo-Yo Ma, da aka haifa a Paris a 1955, yana ɗan shekara huɗu ya kama shi. A tsarin makarantun kiɗa na Faransa matakai uku ne: na farko da na biyu kowanne shekara 3 zuwa 5, na uku shekara 2 zuwa 4, kuma duk tsawon lokacin ana haɗawa da ajin solfej, wato karanta rubutun kiɗa da horar da kunne. Bayan nan sai konkur, wato jarrabawar gasa, na shiga babbar makaranta, kamar ta Paris da aka kafa a 1795, a yi shekara uku na lisans, biyu na masta. Idan kun haɗa, kusan shekara 15 ke nan kafin ta tsaya neman aiki.

Ɗan Goge: Baba, ni a ganina ku fara sa ta wajen mai goge. Tsagiyar doki ce a can, tsagiyar doki ce a nan. Ƙaro ake gogawa a can, ƙaro ake gogawa a nan. Har jakin da ke ɗauke da tsirkiya duk akwai shi. Hannun da ya saba jan izga ai ya ci rabin tafiya, kuma ba sai kun kashe ko dala ba tukuna.

Malamin Solfej: Ƙanena, kunne zai samu, wannan na yarda. Yaron da ya tashi da goge yana jin sautin da ya kauce tun kafin a faɗa masa, don goge ma babu alamar da ke nuna wa yatsa wurin tsayawa. Amma hannu kam dabam ne. Mai goge taɓa tsagiya yake yi da yatsa, ba ya danne ta a jikin itace. A biyolonsel sai an danne tsirkiya ta kwanta a kan allon yatsu, kuma tsirkiya huɗu ce: do, sol, re, la, daga mai kauri zuwa siririya. Izgar goge gajeriya ce mai lanƙwasa. Ta biyolonsel sanda ce mai tsawon kusan santimita 72, nauyinta wajen giram 80, ana riƙe ta daga sama tafin hannu na kallon ƙasa, babban yatsa a lanƙwashe daura da na tsakiya. Sannan yawancin kiɗanmu a kan sauti biyar yake tafiya, can kuwa akwai rabin taki tsakanin mi da fa, da tsakanin si da do, kuma a nan ne yaranmu suka fi tuntuɓe. Ta ji goge, ta so shi, amma kada a ɗauka shi ne aji na ɗaya.

Ɗan Goge: Na ji batun riƙo, Malam. Amma ban janye ba a kan numfashin izga. Sanin inda za a saki nauyi da inda za a ja a hankali, mai goge ya san shi.

Malamin Solfej: Wannan gaskiyarka ce. Abu uku ne ke haifar da sauti: nauyin hannu, saurin jan izga, da wurin da ta sauka tsakanin jaki da ƙarshen allo. Kusa da jaki ana son nauyi da ja a hankali. Kusa da allo ana son sauƙi da ɗan sauri. Aka haɗa nauyi mai yawa da jan da ya cika sanyi, sai ƙara kamar ƙofar kwano. Aka yi sauri babu nauyi, sai shewa.

Mai Gyara: Ku gafarce ni, duk kun tsallake babbar magana. Kafin a yi zancen yatsa a yi zancen iskar Maradi, don ita ce ke kashe kayan. Fuskar biyolonsel itacen sufurus ne mai laushi, kaurinsa bai fi milimita 4 zuwa 5 ba. Baya da gefe na mapul ne. Allon yatsu baƙin itacen eboni ne, ɗan uwan kanyarmu. An haɗa su da manne na fatar dabba, wanda ake narkarwa da ruwan zafi. Wannan jiki yana son laimar iska tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari. Daga Disamba zuwa Maris, in hunturu ya kankama, laimar da ke iskarmu takan faɗi ƙasa da kashi 20. Itace sai ya tsuke ta faɗinsa, tsirkiyoyi huɗu kuma suna janye da shi da ƙarfin da ya kai kusan kilo 60.

Abin da ke biyo baya a jere yake zuwa. Kunnuwan ɗaure tsirkiya su saki, a wayi gari tsirkiya ta yi lakwas. Fuska ta ɗan nutse, tsirkiya ta matso allo ta fara zuza. Sai haɗin gefe ya buɗe. Wannan buɗewar alheri ce, an yi mannen da gangan ya riga itace sakewa. Kada wanda ya kai shi wajen kafinta ya zuba masa farin gam ko manne mai kama nan take, don in gefe ya ƙi buɗewa fuska ce za ta tsage. Mafi muni shi ne tsaga a kan ɗan ginshiƙin ciki. Wani ɗan sanda ne mai kaurin milimita 11 ko kusa da haka, a tsaye cikin cikin kayan, dab da ƙafar jaki ta wajen tsirkiyar la. Faransawa rai suke ce masa. Ba a manne yake ba, matsi ne kawai ke riƙe da shi, haka ma jakin. Shi ya sa ba a taɓa kwance tsirkiya huɗu lokaci guda: ɗaya bayan ɗaya ake sauyawa. In aka ji abu na gangarawa a ciki, rai ya faɗi, a sassauta tsirkiyoyi nan take, kada a sake kaɗawa sai an tayar da shi da ƙarfen da aka yi domin haka, ta ramin nan mai siffar harafin f.

Baban Ɗiya: To Malam Mai Gyara, ashe kayan ba zai rayu a nan ba ke nan?

Mai Gyara: Zai rayu Alhaji, in an kula. Ku sayi ƙaramin ma'aunin laima ku sa cikin akwatin. Ku sami robar sabulu mai murfi, ku huda ta, ku sa soso mai danshi wanda aka matse sosai, a ajiye ta cikin akwatin inda ba za ta taɓa itace ba, a riƙa dubawa kullum. Da an gama kaɗawa a mayar a rufe. Ɗakin da ke da randa ya fi ɗakin da na'urar sanyaya iska ke aiki, don na'urar ƙara busar da iska take yi. Kada a jingine shi a bangon da rana ke duka, kada a bar shi a mota ko na minti goma a watan Afrilu, fenti da manne duk narkewa suke. Da damina kuma abin juyawa yake: kunnuwa su kumbura su ƙi murɗuwa, kada a tilasta su, tsirkiya ta yi sama ta gajiyar da yatsa. A ƙarshen allo tsayin tsirkiyar la ya kamata ya zama wajen milimita 5 da rabi, ta do wajen 8. Saboda wannan hawa da sauka ne makaɗa da yawa ke ajiye jaki biyu, na rani da na damina. Kuma kowane mako a duba jakin daga gefe: bayansa, wajen da ke kallon ƙasa, ya tsaya cak a kan fuska. Ɗaurin yau da gobe yana jan kansa zuwa allo, in aka bar shi sai ya lanƙwashe. A goga bakin fensir a cikin ramukan da tsirkiya ke hawa, ta riƙa zamewa.

Yayan Zariya: Ni da za a bi tawa, a bar itace gaba ɗaya. Akwai na zaren kabon, ba ruwansa da hunturu.

Mai Gyara: Jikin kam ba ruwansa, Yaya, amma jaki da rai har yanzu itace ne, kuma masu kyan suna da tsada, yawanci ma cikakken girma ake yi. Yarinya mai shekara tara rabin girma take buƙata, bayan shekara biyu ko uku ta koma kashi uku cikin huɗu, sai wajen shekara 13 zuwa 15 ta kai cikakke, mai jiki santimita 75 zuwa 76. Ga wanda za a sauya nan kusa, na katakon falai mai sauƙin kuɗi ya fi jure bushewa, ko da muryarsa ba ta kai ba. Inda na goyi bayanka shi ne izga. Ta kabon za a saya, ba ta karkacewa. Ta ƙwararru da itacen fanambuko na Birazil ake yi, kuma tun 2007 an sa wa cinikinsa takunkumi.

Hajiya Malama: Sannunku da ƙoƙari. Ni tambayar da ta fi damuna ita ce wa zai koya mata. Kaya ana iya auno shi daga waje, malami fa? A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa ta Elhaji Taya tun 1989, can za a fara tambaya, aƙalla don solfej. A Legas akwai makarantar kiɗa ta MUSON, ƙungiyar da aka kafa a 1983, kuma a Najeriya ana zana jarrabawar kiɗa ta ABRSM ta Ingila mai aji 1 zuwa 8, wadda takardarta ke da daraja a waje. Amma duk waɗannan nesa suke da yarinyar da ke lakwal a Maradi.

Yayan Zariya: Hajiya, zamani ya sauya. Darasi ta bidiyo ya wadatar, ga malamai nan birjik a YouTube.

Hajiya Malama: A'a ɗana, a nan ban bi ka ba. Bidiyon da aka ɗauka aka ajiye ba ya ganin yarinya. Kurakuran shekarar farko kuwa ba a jin su a kunne, a jiki suke ɓuya: kafaɗar dama ta ɗage, babban yatsan hagu ya matse wuyan kayan kamar mai shaƙe kaza, wuyan hannu ya karye, babban yatsan dama ya miƙe ya sandare a kan izga. Duk da haka za ta fitar da waƙa mai daɗi a shekarar farko, iyaye su yi murna. Sai a shekara ta uku, da aka zo sauya mazaunin hannu da karkarwar yatsa, hannun ya ƙi tafiya, don hannun da ke matse ba ya zamewa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Abin da zan yarda da shi shi ne darasin kai tsaye, malami na kallonta tana kallonsa, minti 30 zuwa 45 kowane mako, waya a kafe daga gefenta na dama a ga hannu da izga, wani babba na zaune yana rubuta gyaran. Sannan duk hutun lakwal a kai ta inda malami zai kama hannunta da nasa.

Malamin Solfej: Hajiya ta gama magana. In ƙara da zama, don daga nan komai ke lalacewa. Kujera marar hannu, mai shimfiɗaɗɗen mazauni, tsayinta yadda tafin ƙafa biyu za su kwanta a ƙasa, gwiwa ta ɗan fi ƙugu ƙasa. Ta zauna a bakin kujera. A ja ƙarfen ƙasan kayan har kafaɗarsa ta kwanta a ƙashin ƙirji, kunnen tsirkiyar do ya zo kusa da kunnenta na hagu. A kan siminti ko tayil ƙarfen zamewa yake, sai a ɗaura ɗan katako mai rami da igiya a ƙafar kujera. Makonnin farko tsinkar tsirkiya da yatsa kawai, sai jan izga a kan tsirkiya ba tare da hannun hagu ba, gaban madubi, a ga izgar na tafiya daidai da jaki. Daga nan mazauni na ɗaya: a kan re, yatsa na ɗaya mi, na biyu fa, na uku fa mai ɗagi, wato fa da aka ɗaga da rabin taki, na huɗu sol. Minti 20 zuwa 30 kowace rana ya fi awa uku ranar Lahadi. Wajen shekara 12 a kai awa ɗaya da rabi. Mai shirin konkur awa uku zuwa huɗu, a yanka su, kowane minti 45 a miƙe a huta. Ciwon da ke soka a gwiwar hannu ko wuyan hannu alamar tsayawa ce, jijiya ce ke kumbura, ba a daure masa.

Karatu kuma makulli uku ne, wato alamun farkon layi da ke nuna sunan kowane sauti: na fa da farko, sai na do a layi na huɗu in an fara hawa, sai na sol a can sama, inda babban yatsa ke fitowa daga bayan wuya ya kwanta a kan tsirkiya. Littattafan horo da kowa ke bi su ne darussa 113 na Dotzauer, sai 21 na Duport, sai 40 na Popper, waɗanda su ne ma'aunin wanda ya isa shiga babbar makaranta.

Baban Ɗiya: Allah ya saka. To in an sha duk wannan wahala, aikin me ake samu? Ni masu kaɗawa su kaɗai a gaban taro nake gani a waya.

Hajiya Malama: Waɗannan ƴan ƙalilan ne, Alhaji, kuma yawanci gasa ce ke fito da su: ta Caikobski a Mosko, da ta sa biyolonsel a 1962, ko ta Sarauniya Elizabet a Burusel, da ta sa shi a 2017. Sheku Kanneh-Mason, wanda mahaifiyarsa ƴar asalin Saliyo ce, gasar matasa ta BBC ya ci a 2016 yana ɗan shekara 17. Abincin mafi yawa a okestira, wato babbar ƙungiyar makaɗa, yake da koyarwa. Babbar okestira na da masu biyolonsel 8 zuwa 12, kuma kujera ba ta buɗewa sai wani ya yi ritaya ko ya tashi. In ta buɗe, mutane da yawa ke nema, wani lokaci su haura ɗari. Zagayen farko a bayan labule ake yi don kada alƙalai su ga fuska, minti kaɗan ne: farkon konsaton Haydn na re, wato kiɗan da makaɗi ɗaya ke jagoranta okestira na raka shi, sai gutsattsarin da ake tambaya ko'ina, kamar kashi na biyu na simfoni ta 5 ta Beethoven da na simfoni ta 2 ta Brahms. A zagaye na gaba a nemi babban konsato, sau da yawa na Dvořák da aka fara kaɗawa a Landan a 1896. Abin da ke kayar da mutane ba rashin gwaninta ba ne, a'a: sauti ya ɗan kauce a wajen sauya mazauni, ko a yi gaggawa a inda kiɗa ya yi sauƙi. Wanda ya ci ma sai ya yi zaman gwaji, galibi shekara guda, abokan zama su yi shawara a kansa. Mai son koyarwa a makarantun gwamnati a Faransa kuma sai ya sami takardar shaidar koyar da kiɗa ta DE ko CA.

Malamin Solfej: Kuma akwai abin da ba ya barin ɗalibi tun daga shekara ta biyar ko ta shida har tsufa: jerin kiɗa shida na Bach da biyolonsel ke yi shi kaɗai, da aka rubuta wajen 1720. Babban makaɗin biyolonsel Pablo Casals yana ɗan shekara 13 ya tsinci kwafinsu a wani shago a Basalona a 1890, ya shafe shekaru yana aiki a kansu kafin ya yarda ya kaɗa su gaban jama'a, bai ɗauke su a faifai ba sai tsakanin 1936 da 1939. Babu konkur ɗin shiga babbar makaranta da ɗalibi zai je bai shirya su ba.

Ɗan Goge: Ga inda zan sake tsayawa. A ƙasar nan babu okestira irin wannan mai biyan albashi. Ke nan za a yi shekara 15 ana rainon yarinya don ta tafi ta bar mu? Kuma kun san yadda gari ke kallon makaɗi, balle mace.

Hajiya Malama: Tambayarka a kan hanya take, ɗana, kuma gara iyali su zauna su yi ta tun yanzu, har da kakanni. Sai dai wannan sana'a babu roƙo a cikinta, albashi ne da kwantiragi, kamar aikin koyarwa. Batun tafiya kuwa, karatun sama dole a waje ne, ko Turai, ko Alƙahira, ko Afirka ta Kudu. Amma ba dole a bar gida a kiɗa ba. Abel Selaocoe, ɗan Sebokeng a Afirka ta Kudu, a Mancesta ya yi karatu, yau kuma yana haɗa Bach da waƙar garinsu a dandali ɗaya. A Kinshasa, okestirar da Armand Diangienda ya kafa a 1994 da ƙarancin kaya ta fara, har da wayar birki suka yi tsirkiya, suka sassaƙa wasu kayan da hannunsu. Yarinyar da ta san rubutun kiɗa kuma ta tashi da goge a kunne tana da abin da ɗaliban Paris ba su da shi. Kuma lakwal kada a sake shi ko kaɗan. Sana'ar na iya yankewa: ƙwararriyar mai biyolonsel Jacqueline du Pré tana kan ganiyarta ciwon jijiya ya tsayar da ita a 1973, tana da shekara 28.

Ɗan Goge: In dai za ta dawo da shi ta zauna kusa da mai goge da mai kalangu, to ba ni da ja.

Yayan Zariya: A faɗa wa Alhaji kuɗin da ke biyo bayan saye, don shi ne ba a lissafawa.

Mai Gyara: Gaskiya ne. Tsirkiyoyi na ƙwararru, irin haɗin samfurin Larsen a la da re da samfurin Spirocore a sol da do, saiti guda ya haura Yuro 200, wato sama da jika 130, kuma mai aiki da shi kullum duk shekara yake sauyawa. Na ɗalibai sun fi haka sauƙi nesa. Tsagiyar izga duk wata 6 zuwa 12 ake sabunta ta, ba a taɓa ta da yatsa don maiƙo na hana ta kama ƙaro, kuma a sassauta ta duk bayan kaɗawa, musamman da hunturu da take tsukewa. A jirgin sama ƙwararru kujera ta biyu suke saya wa kayan.

Alhaji, ranar da za ku auno na farko, ku sa a haɗo da tsirkiyar la guda biyu ta ajiya don ita ta fi tsinkewa, da ƙaro mai haske mai tauri, baƙin yana yin danƙo a zafinmu, da ƙananan noti huɗu na daidaita sauti a ƙasan jaki don kada yarinya ta riƙa kokawa da kunnuwa. In da hali a sa ya iso da damina ko farkon kaka. Da ya iso, ku bar akwatin a rufe cikin ɗaki kwana ɗaya ko biyu, sannan ku haska fitilar waya ta ramin f ku tabbatar rai na tsaye kafin a ɗaure tsirkiya ko ɗaya.

Baban Ɗiya: Na rubuta duka. Malamin Solfej, ranar Asabar bayan la'asar zan kawo ta ku auna hannunta, mu san ko rabin girman ne.

Malamin Solfej: Allah ya kai mu. Ku taho da kujerar da za ta riƙa zama a kai a gida, a auna su tare.